Ya Sunkuya Mini, Ni Kuma Na Miƙa Hannu

Aminu Injiniya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don abin ya kwana biyu yana damuna. Wurin aikinmu ya turo ni Japan horo na wata uku, yau kwanana tara a Osaka. Ranar farko da aka kai mu masana'antar, aka gabatar da ni ga wani dattijo, shi ne shugaban sashen da zan zauna. Furfura ta gama rufe kansa, a haife ya haife ni. Yana ganina sai ya haɗa ƙafafunsa, ya saki hannuwansa a gefe, ya sunkuya mini sosai, har ya ɗan jima a haka. Ni kuwa na riga na miƙa hannu. Hannuna na rataye, kansa na ƙasa. Da ya ɗago ya ga hannun sai ya yi sauri ya kama, ni kuma a daidai lokacin na fara sunkuyawa.

Bai tsaya nan ba. Ya ciro katinsa mai ɗauke da sunansa da muƙaminsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa da hannu ɗaya, ko dubawa ban yi ba, na tura aljihun wandona na baya. Nan take na ga fuskar tafintarmu ta canja. Da yamma ta ja ni gefe ta ce mini a wajensu katin nan kamar fuskar mai shi ne. Da hannu biyu ake karɓa, a karanta, a ajiye shi a gaba kan tebur har a tashi taro, ba a zama a kansa. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba, don mutumin ya girmama ni, ni kuma na wulaƙanta shi ban sani ba.

Tambayata biyu ce. Wannan sunkuyawa da suke yi safe da yamma, ni ma in riƙa yi ko kuwa? Zuciyata ba ta kwanta da ita ba, don wani lokacin kamar ruku'u take. Sannan ta yaya zan gyara abin da na ɓata da wannan dattijo?

Malam Tukur:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Aminu, Allah ya ba da sa'ar abin da aka je nema. Damuwarka tana da tushe. Akwai hadisin Anas ɗan Malik da Tirmizi ya ruwaito, inda wani ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Ya tambaya ko zai kama hannunsa su yi musafaha, ya ce e. A kan wannan ne malamai da yawa suka hana sunkuyawa, musamman wadda ta kai matsayin ruku'u. Amma kada ka manta da aya ta 86 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce in an gaishe ku da wata gaisuwa, ku amsa da wadda ta fi ta kyau, ko ku mayar da irinta. Don haka tsayawa ƙiƙam kamar itace alhali dattijo ya karrama ka, shi ma ba tarbiyya ba ce. Ni abin da zan ba ka shawara, ka ɗan rusunar da kai kaɗan, ka sa hannun dama a ƙirji, ka saki fuska, ka faɗi kalmar gaisuwarsu da bakinka. Ba ka yi ruku'u ba, ba ka kuma bar shi da kunya ba.

Sadiq Tokyo:
Yaya Aminu barka da zuwa, shekarata huɗu a ƙasar nan ina karatu. Kwantar da hankalinka, ba sa sa ran baƙo ya iya komai ranar farko. Sunkuyawarsu hawa-hawa ce, har a wuraren aiki ana koya wa sababbin ma'aikata. Akwai ƙarama da suke kira eshaku, kamar digiri 15, ita ake yi wa abokin aiki in an haɗu a hanya. Akwai keirei, wajen digiri 30, ta baƙi da manya. Sai saikeirei, digiri 45 ko fiye, wadda ake yi wajen ba da haƙuri mai nauyi ko godiya mai yawa. Abin da Malam ya kwatanta kusan eshaku ne, kuma daga baƙo ta wadatar. Abu ɗaya kawai, kada ka haɗa musafaha da sunkuyawa lokaci guda, zaɓi ɗaya. Obama, shugaban Amurka na lokacin, ya haɗa su a Nuwamban 2009 da ya gaida Sarkin Japan Akihito a Tokyo, ya kama hannunsa kuma ya sunkuya sosai. 'Yan adawarsa a Amurka suka yi ta surutu wai shugaban ƙasarsu ba ya sunkuya wa kowa.

Batun kati kuwa, gobe ka je ka same shi tare da tafinta, ka ce ba ka san al'adar ba, yanzu an sanar da kai. Ka ce "sumimasen", wato a yi haƙuri. Ba abin da Bajapane ke girmamawa irin mutumin da ya amsa kuskurensa ba tare da kame-kame ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
Ni fa wannan abu yana ba ni haushi. Kullum mu ne masu koyo, mu ne masu lanƙwasawa, mu ne masu ba da haƙuri. Su in sun je ƙasashen mutane suna canja tasu gaisuwar ne? Aminu ka miƙa hannu, ka yi abin da ka sani na mutunci. In bai gane ba matsalarsa ce. Kati kuma takarda ce, aljihu ne wurinta.

Hajiya Maman Ilham:
Haba ɗana, ba a haka. Ai Aminu ya faɗa da bakinsa, da dattijon ya ga hannun sai ya yi sauri ya kama. Ka ga shi ya bar tasa al'adar ya bi ta baƙonsa tun kafin baƙon ya san ana yi. Wa ya lanƙwasa a nan?

Bari in ba ku nawa labarin. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna zaune a Faransa, a Lyon. Watannin farko na ɗauka mutanen garin duk ba su da kirki. In na shiga shagon burodi na ce a ba ni kaza, sai matar ta kalle ni sama da ƙasa, ta miƙo mini kamar dole aka yi mata. Na yi ta kuka a gida ina ce wa Baban Ilham saboda hijabina ne. Ba na musun akwai masu wannan halin, na haɗu da su. Amma wata rana ina cikin layi, na buɗe baki na fara faɗin abin da nake so, sai matar ta dakatar da ni, ta dube ni cikin ido ta ce "bonjour madame", ta yi shiru tana jira. Sai a lokacin na lura kowa da ya turo ƙofa, kafin ya ce komai, sai ya ce bonjour. Direban bas ma ana ce masa. A wajensu in ka fara magana ba ka faɗi wannan kalma ba, ka mayar da mutum kamar inji ke nan. Ni da nake ganin su ne marasa gaisuwa, ashe su kallon da suke mini ke nan. Washegari na shiga na gaishe ta tukuna. Yau matar nan in ta kwana biyu ba ta gan ni ba sai ta tambayi yarana ko lafiya.

Sai kuma sumbatar kumatu da suke kira la bise. Ita ma ba ɗaya ba ce a duk ƙasar. A Paris sau biyu ne, ka gangara kudu wajen Montpellier sau uku, wasu yankunan arewa har sau huɗu. Su kansu Faransawan rikicewa suke yi in sun bar yankinsu. Tsakanina da mata maƙwabta ina yi. Maza kuwa tun farko na nuna musu iyakata da hannu a ƙirji da murmushi, kuma har yau ba wanda ya riƙe ni da shi.

Ɗan Gwagwarmaya:
Hajiya ki yi haƙuri, ban musa miki ba. Amma ke kin samu mutanen kirki ne. Akwai waɗanda aka hana takardar zama 'yan ƙasa saboda wannan hannu a ƙirjin da kike faɗa. Shi ya sa na ce abin ba gaisuwa kawai ba ce, iko ne.

Barista Nafisa:
A nan kam yana da gaskiya, kuma gara Aminu da duk mai shirin tafiya su san da shi. A 2016 a wani gari mai suna Therwil a Suwizalan, wasu 'yan'uwa biyu 'yan asalin Siriya suka ce ba za su yi musafaha da malamarsu mace ba. A can al'ada ce ɗalibai su gaisa da malami hannu da hannu. Makarantar ta fara amince musu, aka yi ta ce-ce-ku-ce a duk ƙasar, daga baya hukumar ilimin yankin ta ce dole ne, kuma ana iya cin iyaye tarar da ta kai faran 5,000. A Faransa, a 2018, babbar kotun harkokin mulki ta goyi bayan hana wata 'yar Aljeriya zama 'yar ƙasa saboda ta ƙi ba jami'ai maza hannu a wajen bikin ba da takardar. Denmark ta wuce nan, ta yi doka da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019, cewa sai ka yi musafaha da jami'in da ke jagorantar bikin kafin ka zama ɗan ƙasa. A Jamus ma a 2020 wata kotu a jihar Baden-Württemberg ta tabbatar da hana wani likita ɗan Labanan, wanda ya ci jarrabawar zama ɗan ƙasa amma ya ƙi ba jami'a mace hannu.

Amma ga wanda ya fi ba ni sha'awa. A Suwidin, wata matashiya Musulma ta je ganawar neman aikin tafinta a Uppsala. Namiji ya miƙo hannu, ta sa nata a ƙirji ta yi murmushi, nan take aka sallame ta. A 2018 kotun ƙwadago ta ce an nuna mata wariya, aka ba ta diyyar krona 40,000. Daga cikin abin da ya taimake ta, ta bayyana cewa in tana cikin taron maza da mata, kowa da hannu a ƙirji take gaida shi, ba ta ba mata hannu ta tsallake maza. A ganina nan ne gaɓar take. Abin da ke yi wa Bature zafi shi ne ya ga an ba na kusa da shi hannu an hana shi, ko an ba maza an hana mace, sai ya fassara shi da cewa an raina shi. In ka yi wa kowa iri ɗaya, ka rage rabin rigimar.

Malam Tukur:
Barista Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Kuma abin da na lura, mafi yawan ɓacin ran yana zuwa ne daga barin hannun mutum a rataye a gaban jama'a. Wannan kunya ce ga kowane ɗan Adam, ko wace ƙabila ce. In ka san ba za ka karɓa ba, riga shi. Tun yana taku uku daga gare ka, kai ka fara gaisuwar, hannunka na ƙirji, fuskarka a sake. Ba zai ma kai ga miƙowa ba. Shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma.

Malamin Tarihi:
Ɗan Gwagwarmaya ya ce abin iko ne, kuma ya yi tambaya ko su Turawa suna lanƙwasawa. Bari in kawo labarin da ya dace da maganarsa. A 1792 Sarki George na Uku na Ingila ya aika Lord Macartney zuwa Sin, ya isa a 1793, don ya nemi a buɗe wa 'yan kasuwarsu ƙarin tashoshin ruwa, a kuma ba su damar ajiye jakada a Beijing. Sarkin Sin na lokacin shi ne Qianlong, ya haura shekara tamanin. Ƙa'idar fadarsa ita ce duk wanda zai zo gabansa sai ya yi abin da ake kira kowtow: ya durƙusa sau uku, a kowace durƙusawa ya kai goshinsa ƙasa sau uku, tara ke nan. Aka shafe makonni ana jayayya a kan wannan kaɗai. Macartney ya ce shi ba zai yi wa wani sarki abin da ba ya yi wa nasa ba. Har ya kawo shawarar cewa zai yi, in wani babban jami'in Sin mai muƙami irin nasa zai yi hakan a gaban hoton Sarki George. Suka ƙi. A ƙarshe, bisa labarin da Ingilawan suka bayar, gwiwa ɗaya ya sa a ƙasa. An karɓe shi, an ba shi kyaututtuka, amma ba a biya masa buƙata ko ɗaya ba. A 1816 aka sake aika Lord Amherst, shi ko ganin sarki bai samu yi ba aka juyo da shi, kuma batun kowtow na cikin abin da ya jawo.

Ba na cewa gaisuwa ce ta haddasa Yaƙin Ofiyam na 1839 tsakanin Ingila da Sin, wannan kasuwanci ne da ƙarfin bindiga. Abin da nake nunawa shi ne, ga Sinawa duk jakadan da ya zo mai kawo caffa ne, ga Ingilawa kuma sarakuna biyu ne daidai da juna, kuma kowa ya zuba wannan ra'ayin nasa a cikin yadda za a lanƙwasa gwiwa. To amma ɗan'uwa, ka duba bambancin. Qianlong cewa yake sai an kai masa goshi ƙasa shi yana zaune. Dattijon Aminu shi ya fara sunkuyawa, ga yaro sa'an ɗansa. Waccan neman miƙa wuya ce, wannan kuwa karramawa ce. Ba daidai ba ne a sa su a kwando ɗaya.

Ɗan Gwagwarmaya:
To Malam, na ji wannan. Amma har yanzu ban ga inda wani babba daga cikinsu ya sha kunya don ya taka al'adar wasu ba.

Sadiq Tokyo:
Akwai mana. Bill Gates a Afrilun 2013 ya je Seoul ya gaisa da shugabar Koriya ta Kudu Park Geun-hye, hannunsa na hagu na cikin aljihu. Washegari hoton na shafin farko na jaridun ƙasar, ana ta cewa rashin ladabi ne. A Koriya in za ka gaisa da babba, hannu biyu ake sa wa, ko ka tallafi hannun dama da na hagu. Duk kuɗinsa ba su ɗaga masa ƙafa ba.

Hajiya Maman Ilham:
Kuma ai akwai waɗanda suka bi ta wasu. Ban manta hoton George Bush, shugaban Amurka na lokacin, ba a 2005, a gonarsa da ke Texas, yana tafe riƙe da hannun Yarima Abdullah na Saudiyya. A wajen Larabawa maza biyu su riƙe hannu suna tafiya alamar aminci ce kawai. A wajen Amurkawa kuwa abin magana ne, kuma sun yi maganar. Bai saki hannun ba.

Usman Matuƙin Jirgin Ruwa:
Salamu alaikum. Ni aikina ya sa na taka tashoshi da yawa, kuma abin da na koya shi ne tazara. Kowace al'umma tana da iyakar kusancin da jikinta ya saba da shi. A Dubai da Oman za ka ga maza suna gaisawa hanci da hanci, a taɓa sau ɗaya ko biyu. Mutumin Finland kuwa in ka matso kusa da shi kana magana, zai riƙa ja da baya a hankali har ya kai bango, kai kana ganin yana gudunka, shi yana ganin kana hawa kansa. Abokan aikina 'yan Filifin in sun koma gida, suna kama hannun tsoho su ɗora bayansa a goshinsu, suna kiran abin mano. Turkawa ma suna da irinta, a sumbaci hannun babba a kai goshi, musamman ranar idi. Wani Barashe da muka yi aiki tare ya taɓa ƙin karɓar hannuna don ina waje yana ciki, bakin ƙofa na tsakaninmu. Sai da ya jawo ni ciki tukuna ya gaisa da ni da kyau. A wajensu musafaha a kan dokin ƙofa mugun fata ne. Da ban tsaya na ji dalili ba, da na tafi da shi a zuciya cewa ya ƙi ni.

Anti Rukayya:
Usman ka tuna mini. Lokacin da na je Niyu Zilan wani taron ma'aikatan jinya, 'yan ƙabilar Maori ne suka tarbe mu a dandalinsu da suke kira marae. Aka yi jawabai da waƙe, sannan aka ce mu jeru mu yi hongi, wato ka haɗa hanci da goshi da mai masaukinka, ku shaƙi numfashi tare. An bayyana mana cewa kafin hongi kai baƙo ne, bayansa ka zama na gida. Gabana ya faɗi, don layin akwai maza. Tun kafin a fara na je na samu matar da ke kula da mu na faɗa mata uzurina. Ba ta ɓata rai ba ko kaɗan, ta je ta yi wa dattawan magana. Da na zo kan maza, kowannensu ya sa hannu a ƙirji kamar yadda na yi. Da na zo kan wata tsohuwa mai zanen gargajiya a haɓarta, ta dafa kafaɗata, ta haɗa goshinta da nawa, ta rufe ido. Mun ɗan jima a haka. Na ji ɗumin numfashinta, na ji hannunta na rawa irin ta tsufa. Ba mu san yaren juna ba, amma da na ɗago hawaye ne a idona. Da na yi shiru na bari sai a cikin layi in ja da baya, da na ɓata musu biki, na kuma rasa wannan.

Aminu, faɗa tun da wuri shi ne maganin. Mutane sun fi yadda muke zato karɓar uzuri, in dai an kawo shi da ladabi kuma ba a gaban taro ba.

Barista Nafisa:
Wani ɓangaren da ba a taɓo ba shi ne na baki. A Jamusanci akwai "Sie" na girmamawa da "du" na sabo, kuma ba ƙaramin ne ke fara sauyawa ba, sai babba ya ba da izini. Mutum biyu za su yi shekara ashirin a ofis ɗaya suna kiran juna da Sie da sunan iyali. Suwidin kuwa ta watsar da irin wannan a ƙarshen shekarun 1960. Wani shugaban hukumar lafiya, Bror Rexed, a 1967 ya sanar da ma'aikatansa cewa zai riƙa kiran kowa da "du", su ma su kira shi haka, abin ya bazu. Yau ɗalibi a can yana kiran farfesansa da sunan yanka, kuma ba raini ba ne. A Japan kuwa Aminu, kada ka kuskura. Sunan iyali za ka kira ka ƙara "san" a ƙarshe, kuma ba a sa wa kai san.

Ɗan Gwagwarmaya:
Barista, wani abu ɗaya da nake so ki amsa mini. Su da suka ce musafaha ita ce ginshiƙin al'adarsu har suna yi mata doka, ina ta shiga a 2020?

Barista Nafisa:
Tambaya ce mai kyau. Ranar 2 ga Maris 2020 Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ta miƙa wa ministanta na harkokin cikin gida Horst Seehofer hannu a wajen taro, ya ƙi karɓa saboda korona, ta yi dariya ta janye. Cikin 'yan makonni duniya ta koma gaisuwa da gwiwar hannu, da haɗa tafuka irin na Indiyawa, da hannu a ƙirji. A Denmark sai da aka dakatar da bukukuwan ba da takardar zama ɗan ƙasa, don doka ta ce sai da musafaha, likitoci kuma sun ce a daina. Wannan ya nuna ana iya girmama mutum ba tare da an taɓa shi ba, kuma kowa ya gani da idonsa. Ina tare da kai cewa tilasta ta da doka kuskure ne. Inda ba na tare da kai shi ne cewa baƙo ba shi da abin koya.

Malamin Tarihi:
Kuma kada mu raina ita musafahar. Akwai wani sassaƙen dutse daga Nimrud na ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa, yana gidan tarihi na Bagadaza, da ke nuna sarkin Assuriya Shalmaneser na Uku yana musafaha da sarkin Babila don ƙulla amana. Kusan shekara dubu uku ke nan. Ranar 13 ga Satumban 1993 a fadar White House, da shugaban Falasɗinawa Arafat ya miƙa wa firaministan Isra'ila Rabin hannu, duk wanda ya kalli hoton bidiyon zai ga yadda Rabin ya ɗan dakata kafin ya karɓa. Wannan daƙiƙa ɗaya ta faɗi abin da jawabai ba su faɗa ba. Shi ya sa wanda ya taso a kan cewa miƙa hannu na nufin ba gaba a tsakaninmu, in aka ƙi karɓa sai ya ji kamar an ce masa akwai. Sanin haka ne zai sa ka yi masa bayani, maimakon ka ɗauka ya sani.

Aminu Injiniya:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na dawo da rahoto. Jiya da daddare na je na sayi ɗan akwatin ajiye kati, na ciro katin dattijon daga wandon, na shimfiɗa shi a cikin littafi ya kwana don ya miƙe. Yau da safe na riga shi zuwa. Da ya shigo na miƙe tsaye, na sa hannu a ƙirji, na ɗan rusunar da kai kamar yadda Malam Tukur ya ce, na ce "ohayo gozaimasu", wato barka da safiya. Sannan ta bakin tafinta na ba shi haƙuri, na buɗe akwatin na nuna masa katinsa a ciki. Na kuma faɗa masa cewa a addinina ba na sunkuyawa sosai sai ga Allah a cikin salla, don haka in ya ga na tsaya a rusunar da kai, kada ya ɗauka girman kai ne.

Ya yi shiru yana saurare har ta gama fassarawa. Sai ya tambaya sau nawa nake sallar a rana, na ce biyar. Ya tambayi waɗanda ke faɗowa a lokacin aiki, na ce biyu. Bai ƙara cewa komai ba. Bayan cin abincin rana wani matashi ya zo ya kai ni wani ƙaramin ɗaki a hawa na biyu inda suke ajiye takardu, an share shi, an matsar da kwalaye gefe, ya ba ni makulli. Da aka tashi aiki na bi ta gaban teburin dattijon zan fita, sai ya miƙe, ya sa hannunsa na dama a ƙirji.

Yaya Sadiq, ranar Juma'a ya gayyace mu cin abinci gidansa, mu huɗu. Tafinta ta ce in zo da tsaraba. Me ake kaiwa?

Sadiq Tokyo:
Masha Allah. Kai ne yayana ai. Kayan zaƙi a kwali mai kyau sun isa, ka bari a shagon su naɗe maka, don naɗin ma abin dubawa ne a wajensu. Kada adadin ya zama huɗu, kalmar huɗu a yarensu tana kama da ta mutuwa. Ka miƙa da hannu biyu, kuma kada ka damu in bai buɗe a gabanka ba. Ka cire takalmi a bakin ƙofa ka juya hancinsu waje, ka tabbata safarka ba huda. Tun gobe ka sa tafinta ta sanar da matarsa abin da ba ka ci da abin da ba ka sha, kada ta wahala ta dafa sannan ka ƙi a kan tebur.